Kwalba Mai Lamba Sifiri

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Iskar argon ta iso yau bayan dogon jira. Oga Zacharias, shugaban ɗakin gwajinmu, saura kaɗan ya rungumi silindar. Mutum mai furfura yana rawa a gaban tukunyar iska!

To, aikin Yangoji zai tashi ke nan. Ruwan rijiyar burtsatsen wata ruga da ke bayan garin, da fitsarin mutanenta, duk suna firji tun watan jiya. Arsenik muke nema, wani dafi da kan ɓuya a ruwa. Gwajin farko ya nuna mata uku suna da shi da yawa, kuma in ta tabbata daga ruwan ne, za a rufe musu rijiyar.

Al'adar ɗakinmu ce, kafin a sa wa inji samfurin mutane sai wani daga cikinmu ya ba da nasa, a rubuta masa lamba sifiri. Fitsarin lafiyayyen ɗan birni, wanda za a auna na sauran da shi. Oga ne ke bayarwa kullum, amma yau ya ce yana shan magani. Ya dube ni ya ce, “Madam Nafeesa, mai ciki ai ba ya rasa fitsari, taimaka mana.” Na yi dariya na karɓi kwalbar.

Cikin nawa wata biyar. Ban saya masa ko hula ba, kuma ba zan saya ba. Sau biyu ina saye, sau biyu ina kyautar da kayan ina kuka. Mijina Bappayo ya san kada ya shigo min gida da komai na jarirai.

Farar ƙasata ta kusa ƙarewa, sai na biya kasuwar Utako.

Talata, 6 ga Mayu

Cunkoson Kubwa ya cinye min safiya. Ƙafa ta kumbura.

Laraba, 7 ga Mayu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lamba sifiri ta fi kowa. Ta fi matan ukun nan na ruga. Tawa.

Na tsaya ina kallon allon kwamfuta kamar an kafe ni. Oga ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, “A'a. Wannan contamination ne, wani ya taɓa kwalban da hannu mai datti.” Muka wanke komai da asid, na ba da sabo, muka sake. Lambar ba ta motsa ba.

Sai ya ce gishiri ne. Gaskiya ne, gishirin fitsari in ya haɗu da argon a cikin wutar injin yakan yi nauyi daidai da na arsenik, injin ya ƙirga shi a matsayinsa. Na kama wannan maganar da hannu biyu. Sai kuma ya ce, “Ko kin ci titus jiya? Ko kirefish? Arsenik na kifin teku ba ya komai, yana shiga yana fita.”

Na ce na ci.

Ban ci ba. Tun da cikin nan ya shiga ko warin kifi na ji sai na yi amai. Ban san me ya sa na ce na ci ba. Wallahi ban sani ba, bakina ne ya riga ni.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ban gaya wa Bappayo ba. Ya tambaye ni me ya sa na yi shiru, na ce aiki ne, za mu haɗa inji biyu. Ya ce in yi masa bayani yadda mai sayar da taya zai gane. Na yi, don in samu abin da zan ce.

Na ce babban injinmu, MS, ƙirga yake yi kawai. Ya ƙone abu a wuta, ya auna nauyinsa, ya ce akwai arsenik kaza. Amma ba ya faɗin wane iri ne, alhali akwai na kifi da ba ya cutarwa, akwai na ƙasa da duwatsu mai kisa sannu a hankali. Ƙaramin kuma, CE, wani bututun gilashi ne siriri kamar gashin kai. A sa masa ɗigon da ido ba ya gani, a ba shi wutar lantarki mai ƙarfi, sai kowane iri ya kama gudu gwargwadon halinsa, su fito ɗaya bayan ɗaya. In ka jona bakin bututun da MS, duk wanda ya fito a ƙirga shi shi kaɗai, ya tayar da tsini a allo.

Ya ce, “Kamar a ƙofar tasha ke nan, a jera mutane layi a duba kowa, maimakon a ce fasinja ɗari ne kawai.” Na ce haka ne. Ya yi ta murna ya gane. Ya shafa cikin ya ce, “Ka ji uwarka, malama ce.”

Na shiga banɗaki na daɗe.

Juma'a, 9 ga Mayu

Haɗa su ya ƙi. Abin da ke fitowa daga bututun bai kai abin da MS ke buƙatar sha ba, dole a ƙara masa wani ruwan a mahaɗa, kuma in ƙarin ya yi yawa ya tsinke samfurin, in ya yi kaɗan MS ya zuƙe komai a haɗe tun ba su rabu ba. Ga kumfa. Kumfa ɗaya ƙarama ta shiga, wutar ta yanke. Da muka daidaita sai aka ɗauke wuta, kafin janareta ya karɓa injin ya mutu.

Oga ya ce, “Litinin.” Ya faɗa kamar Litinin gobe ce.

Asabar, 10 ga Mayu

Na je Utako wajen Magdalena mai farar ƙasa. Tana ganina ta ɗaga murya, “Kwastoma na! Yaya baby? Na ajiye maki mai kyau, wanda aka gasa da hayaƙi.” Ta ƙara min gyara. Mace mai kirki, ita ma ta ce da shi ta haifi 'ya'yanta duka.

Ban kai tashar mota ba sai da na gutsura. Ƙamshin nan kamar na ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa. Shi kaɗai ke kwantar min da tashin zuciya. A gida na zuba a gwangwanin madarar da ke bayan buhun shinkafa, inda Bappayo ba ya leƙawa. Ba don laifi ba ne, tsokana ce ba na so, zai ce mai digiri biyu tana cin bango.

Ina ta tunanin rijiyar gidanmu. Bappayo ne ya haƙa ta da kuɗinsa, yana alfahari da ita. In ruwanta ne fa? Na ɗebi kwalba ɗaya na ɓoye a jaka.

Litinin, 12 ga Mayu

Ya yi aiki.

Da ma bai yi ba.

Muka sa lamba sifiri. Ni da Oga muka zuba wa allo ido. Na kifi shi ke fara fitowa. Inda ya kamata ya tashi, layin ya ɗan motsa kamar ƙwayar gero, ya kwanta. Babu kifi. Gishirin ya fito a nasa wurin daban, ba ruwansa. Sannan sauran suka fara tashi. Mai dafin. Sai waɗanda jiki ke juya mai dafin zuwa gare su in yana ƙoƙarin fitar da shi. Tsini bayan tsini, dogaye.

Oga bai ce min “kin ce kin ci kifi” ba. Da ya faɗa da ya fi min sauƙi. Ya jawo kujera ya ce, “Zauna, Nafeesa.” Bai taɓa kirana ba tare da Madam ba.

Hannuna yana kan cikina, ban san lokacin da na ɗora ba. Abin da na sani game da arsenik da mahaifa duk ya taso min a kai lokaci ɗaya. Yana ratsawa. Na sha rubuta hakan a rahoto da hannuna, game da wasu matan.

Na ba shi kwalbar ruwan gidanmu. Muka gwada har da na rijiyar ruga. Dukansu tas, ba abin da ya wuce ƙa'ida.

To daga ina? Daga ina, ya Rabbi?

Talata, 13 ga Mayu

Na kasa zuwa aiki. Na bi kicin ina duba komai kamar 'yar sanda. Shinkafa, tukunya, man shafawa, kwalli. Na ɗaga buhun shinkafar ma, na mayar.

Yau ɗan cikin bai motsa sosai ba. Ko ni ce ban ji ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Oga ya gudanar da na matan ukun jiya ba na nan. Ya buga su a takarda, ya ɗora nawa a kan nasu, ya ɗaga wa hasken taga. Tsinin ya hau kan tsini. Kamar mutum ɗaya ya ba da fitsarin sau huɗu.

Ya ce, “Ruwan ku daban, abincin ku daban, ke kina Kubwa su suna Yangoji. Me ya haɗa ku?”

Na tuna ranar da muka je karɓar samfurin. Na tuna Rumasa'u, doguwar nan mai tallar nono, wadda na yi wa faɗa a gaban mutane don tana ɗibar ruwa a rafi, har na ce mata jahilci ya fi cuta kisa. Tana tsaye hannunta a ƙugu, cikinta ya turo zane. Ta biyun ma haka. Ta ukun ma. Ni na tambaye su watannin cikinsu, ni da kaina.

Kuma na tuna gefen bakin Rumasa'u. Fari-fari, kamar ta lashi alli.

Na buɗe jaka, akwai guntun farar ƙasa a ƙulle cikin leda, wanda nake ci a mota. Na ajiye a kan teburinsa.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, “Yesu.” Can kuma ya ce, “Matana ma ta ci wannan abu, duk cikin ta.”

Mun daka, mun narkar da shi a asid. Ban tsaya ganin sakamakon ba, na fita baranda. Ya biyo ni ya ce akwai arsenik, kuma akwai dalma, in tafi asibiti yau ba gobe ba.

Ni ce fa. Ni nake saye da kuɗina, nake ɓoyewa, nake sa masa a baki kullum da hannuna. Duk yini ina auna abin da bai kai ƙwayar gishiri a tankin ruwa ba, da yamma in zauna a mota in ci dunƙule guda. Ban taɓa kawo shi a raina a matsayin abin gwadawa ba. Ƙasa ce kawai. Kowa na ci.

Alhamis, 15 ga Mayu

Dakta Angelina ta ɗebi jini. Ba ta yi min faɗa ba, ta ce ta saba gani. Wai jinina ya yi ƙasa ƙwarai, kuma rashin jinin ne ke sa kwaɗayin ƙasa, ƙasar kuma ta ƙara hana jiki shan abin da zai gina jinin. Ta rubuta maganin ƙarin jini. Ta ce arsenik in an daina yakan fita cikin kwanaki, dalma ce mai naci, sai sakamako ya fito.

Na ce mata, “Dakta, yaron fa?”

Ta sa na'ura. Zuciyarsa tana bugawa, fat-fat-fat, da sauri. Ta ce girmansa daidai ne, ko da yake ya ɗan yi ƙasa kaɗan. Na ce ta yi min alkawari. Ta ce, “Ba zan yi maki ƙarya ba, ba na iya alkawari. Amma kin zo da wuri.”

Da wuri! Wata nawa ina ci.

Na gaya wa Bappayo bayan la'asar. Na ɗauko gwangwanin na buɗe a gabansa. Na shirya wa faɗa, na ma so ya yi. Ya duba ciki, ya dube ni, ya ce, “Ai na san da shi. Tun watan azumi na gani. Na ce a raina bar ta, ɗan abin da take jin daɗi ke nan.” Sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce da ya yi magana. Na ce da ka yi da na ce maka me ka sani. Ya ce haka ne kuwa, da kin faɗa.

Ya juye shi a masai ya kora ruwa. Ina tsaye ina kallo, kuma Allah Ya gani, yawuna tsinkewa yake yi. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Asabar, 17 ga Mayu

Na kira Inna Uwani, yayar mahaifiyata, na gaya mata. Ta ce, “Ke dai da injinanki! Mu duk mun ci, uwarki ta ci da cikinki, ga ki nan har kina koya wa mutane.” Na ce Inna, ba kowace ƙasa ce ɗaya ba, ya danganta da ramin da aka haƙo ta. Ta ce to Allah Ya kyauta. Sai ta ce a hankali, “Waɗancan biyun da kika rasa, kin ci a lokacinsu?”

Na ci.

Dakta ta ce ba wanda zai iya cewa shi ne. Ba wanda zai iya cewa ba shi ba ne. Na kashe wayar ban yi sallama ba, sai na kira na ba ta haƙuri.

Lahadi, 18 ga Mayu

An yi ruwa. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Na rufe tagogi duka, na tauna ƙanƙara har haƙorina ya yi tsami.

Talata, 20 ga Mayu

Dalmar tana nan a jini amma ba ta kai inda za a ba ni maganin wanke ta ba. Za a riƙa bibiya. Alhamdulillahi, na ce, sai na ji muryata kamar ta wata.

Oga ya ce zai tura wani Yangoji ya gaya wa matan, kada in wahala da cikin nan a hanya. Ya ce a rahoto ba sai an ambaci daga inda muka gano ba. Yana so ya rufa min asiri ne. Na ce ni zan je. Wa za su saurara, wani saurayi da farar riga yana musu maganar kwaɗayin masu ciki?

Na kuma ce ya goge sifirin nan daga kwalbata, ya ba ni lamba a layin sauran. Ya ce to wa zai zama kwantirol, wato mai lamba sifiri? Na ce ya gama maganinsa ya koma bakin aikinsa.

Alhamis, 22 ga Mayu

Yangoji.

Maigarin rugar ya ji rijiyarsu ba za a rufe ba, ya yi ta godiya, ya sa aka kawo mana kindirmo. Na ce matan nake son gani su kaɗai.

Rumasa'u ta gane ni. Ta ƙi zama. Ta ce, “Malama, in maganar rafi ce, na daina.” Na ce ba ita ba ce. Na yi bayanin farar ƙasar, na ga idonsu ya tafi wani wuri, irin kallon da ake yi wa mai wa'azi a mota. Ɗayar ta ce ai su ba sa ci. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nata ranar nan, yanzu ga shi ina tsaye a gabanta ban san ta inda zan fara ba.

Sai na ce, “Wanda aka gasa ya fi daɗi, ko? Musamman in an yi ruwa.”

Rumasa'u ta dubi cikina, ta dubi fuskata. Ta ce, “Ke ma?”

Na ce na fi ku duka. Na nuna musu takardar, nawa a kan nasu. Ba su iya karatu ba amma sun ga wanda ya fi tsawo.

Ta zauna. Ta kwance bakin zanenta ta fito da dunƙule, ta riƙe shi a tafin hannu. Ta ce, “To in ya taso miki, me kike yi?” Na ce ƙanƙara nake taunawa. Ta yi dariya ta ce ina za ta ga ƙanƙara a ruga. Na ji kunya. Muka tsaya a kan gasasshiyar masara da maganin ƙarin jini, kuma Oga ya yi magana da asibitin da ke kusa a duba jininsu. Ta ba ni dunƙulen. Ta ce nata cikin na bakwai ne, uku ne a raye.

A mota na yi kuka har Gwagwalada. Direba ya ƙara sautin rediyo, Allah Ya saka masa.

Litinin, 26 ga Mayu

Na ba da sabon samfuri. Tsinin sun sauka, sun kusa kwanciya. Oga ya buga tebur ya ce, “Thank God!” Ni ban taya shi murna ba. Injin yana gaya min abin da ya fita daga jikina ne. Abin da ya riga ya shiga na yaron, babu bututun da zai nuna min.

Laraba, 28 ga Mayu

Ya yi ta harbi yau ina tsakar haɗa ruwan gwaji, har na zubar. Ɗan rigima.

Asabar, 31 ga Mayu

Utako. Dole in gaya wa Magdalena, ba don ta daina neman abincinta ba, tana da sauran kaya a rumfar. Ta fusata da fari, ta ce so nake in kashe mata kasuwa. Da na ce mata nawa cikin ne, ta dafe ƙirji ta ce, “Kai, kwastoma na, ban sani ba, Allah Ya sani.” Ta ce za ta tambayi mai kawo mata daga ina yake haƙowa. Ko za ta daina sayar wa masu ciki, ban sani ba. Tiren farar ƙasar yana gabana, ƙamshin yana dukan hancina, na tura hannuwana cikin hijabi na riƙe su.

Ban ce kwaɗayin ya tafi ba. Ya dai rage.

A hanyar fita ta layin 'yan gwanjo na biyo, don ya fi kusa da tasha, ba don komai ba. Wata tana da hulunan jarirai a zube a kan tabarma. Ban yi ciniki ba ma. Kuɗin da na saba ba Magdalena ne, yana hannuna, to me zan yi da shi.

Ruwan ɗorawa ce, da kunnuwa biyu a sama. Ko tafin hannuna ba ta rufe ba.

Ba saye ba ne wannan. Bappayo ba sai ya sani ba tukuna. Na wanke gwangwanin madarar, na shanya shi ya bushe, na sa ta a ciki, na mayar bayan buhun shinkafa.

Ko da yake ya ce yana leƙawa.